Wuƙar Kakanka da Allurar Anasara

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Daga hannun wanda ka sani, zuwa ga Na-Tsoho. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya sanyaya maka rairayi, Ya kusanto maka da rijiya duk inda ƙishirwa ta same ka. Amin.

Bayan haka, kada ka yi mamakin ganin takarda ƙarƙashin faifan tuwonka alhali zana ɗaya ce tsakanin ɗakina da naka. Kai ɗan fari ne, ka san hali. Tun da aka yaye ka aka miƙa wa kakanka, ban taɓa kiran sunanka ba, ban taɓa haɗa tabarma da kai ba, in ka shigo ta nan ni in bi ta can. Al'ada ce, na tarar da ita, ban isa in kashe ta ba, ko da yake Allah Ya sani na zage ta a zuci ya fi a ƙirga. Amma ban taɓa jin an ce alƙalami yana da kunya ba. Na rubuta da ajami domin bokona gurgu ne, a jikin gwangwanin kananzir na koye shi, ba na son ka kai wa Mushe, malaminku na boko, ku yi ta dariya.

Gobe da hantsi kamyon kumandan, babbar motar kayan nan, zai ɗauke ka zuwa Damagaram, daga nan Agadas, daga nan sai can cikin duwatsun Buzaye, gidan da Anasara suka gina don awon abin da ido ba ya gani. Na ji lokacin da kake ba uwarka labarin, ina bayan rumbu ina yi kamar igiya nake tufka. Ka ce yara biyu masu kan lissafi suka nema daga lakkol, makarantarku ta boko, in sanyi ya wuce a riƙe ɗaya, a maido ɗaya. Ka ce ɗakin awon ko ƙusa babu a jikinsa, dutse ne da itace da tagulla, saboda wata allura da ke rataye a ciki wadda ƙasa take ja, ba a kusantar ta da ƙarfe. Har ka ce wai akwai wasu ƴan abubuwa da suka fi ƙwayar zarra ƙanƙanta, suna zubowa daga sama ba dare ba rana, suna ratsa rufi, suna ratsa mutum, ba a ji, kuma su ma ana neman yadda za a ƙirga su. Wallahi da na ji wannan sai na ɗaga kai na duba sama kamar wawa, na buɗe tafin hannu ko ɗaya za ta faɗo.

Sai uwarka ta ce, “To, wuƙar kakanka fa?”

Ka ce, “Wa zai sani? Hannun riga yana da faɗi.”

Nan igiyar ta tsinke a hannuna.

Shekaranjiya a ƙofar gida, gaban dattawan unguwa, kakanka Tsoho ya kwance wuƙar damtsensa, wadda ya gada wurin ubansa, ya ɗaura maka a hagu. Ya sa ka sa hannunka cikin nasa, ka yi masa alkawari ba za ka cire ta ba sai ranar da ka sake taka Gure. Ina tsaye can nesa inda ya kamata uban ɗan fari ya tsaya, ina cizon harshe har na ji gishirin jini. Kai kuwa kana ta ɗaga kafaɗa kamar zakaran da aka saya yau. To, saurara, in ba ka labarin da duk kasuwar Gure ta sani, amma a karkace. Su suna ba da shi a matsayin jarumtaka. Ni da na yi abin zan gaya maka sunansa.

Shekarar da aka haife ka, ban fi ka da yawa ba, gemuna bai fito ba. Wani Anasara ya zo daga yamma da raƙuma da akwatuna, ba soja ba ne, ba kumandan ba, ba ya karɓar haraji, ba ya dukan kowa. Muka sa masa suna Mai Allura. Yana da wani abu mai ƙafa uku, a samansa ɗan akwati na gilashi, a ciki allura rataye da zare siriri kamar na gizo-gizo. Bulama ya ba da ni aikin ɗaukar kaya, amma da ya ga ba na barin tambaya, sai ya ɗauke ni daga kaya ya ba ni laima. Aikina in tsaya dab da abin in yi masa inuwa, kada rana ta dafa shi.

Wata rana da hantsi, a kan wani tudu wajen Gamu, ya yafito ni ya ce in sa ido a madubin. Yaro, ban san yadda zan gaya maka ba. Babu iska, ko ganyen aduwa ba ya motsi. Akwatin a rufe. Amma allurar nan tana rawa, kaɗan-kaɗan, kamar ƙirjin jariri mai barci. Ta je, ta dawo, ta je, ta dawo, kullum fuskarta arewa, kamar akwai wanda ya yi mata alkawari a can. Tafinta, wani mutumin Damagaram mai yawan cin goro, ya ce mini, “Wai ƙasa ce take jan ta. Wai duk duniyar nan mayen ƙarfe ce guda.” Na duba ƙasar da nake takawa tun ina rarrafe, rairayi da kashin awaki, na ji kamar an ce mini uwata tana da wani harshe da take yi in ba na nan. Tun daga ranar ban sake taka ƙasa kamar da ba. Har yau in ina dafa gishiri a Gidigir, in na ga yadda yake ɓacewa cikin ruwa ruwan ya zauna garau, sannan wuta ta maido shi dunƙule, sai in tsaya da ludayi a hannu ina tunanin ina ya je, wace ƙofa ya bi, wane ƙanƙanta ya yi da ido ya kasa kama shi. Abokan aiki su ce, “Ga shi nan, ya tafi.” Su bar ni sai tukunya ta yi ƙauri.

Amma tun ranar farko an gaya mini doka: ba a kusantar allura da ƙarfe. Tafinta ya nuna damtsena ya ce, “Cire.” Ni kuwa jini na tafasa. A ƙasarmu ta Muniyo a cire wa namiji wuƙa? Na ce to, na zaga bayan raƙumi, na tura ta sama har hammata, na saki hannun riga. Wa zai sani? Ka ji maganar? Ba kai ka fara ta ba, gadonta ka yi.

Abin da ya fi ba ni haushi yanzu shi ne, da idona nake ganin mutumin nan kowace safiya yana kwance ɗamararsa, yana fitar da makullai, har takalminsa mai ƙusa yake cirewa, ya zuba a ƙwarya a kai can nesa, ya tako rairayi ba takalmi kamar mai shiga masallaci. Na ga wannan duka, amma zuciya ta ce mini ni kaɗai ake nufi da wulaƙanci. To ga nasiha ta farko: in aka ba ka umarni ka ji ya sosa maka rai, kafin ka buɗe baki dubi mai umarnin. In shi ma yana yi, dokar aikin ce, ka bi ta. In shi ba ya yi, wannan wata magana ce, kuma ba ni ne zan ce ka zama jakin kowa ba.

Muka yi kwanaki muna yawo, tudu bayan tudu, ina riƙe da laima da wuƙata. Mai Allura ya fara ramewa a fuska. Ya auna, ya rubuta, ya goge, ya sake aunawa. Ya kwance abin ya goge shi da tsumma, ya canza zare, ya zargi rana, ya zargi duwatsu, ya zargi idonsa. Ina tsaye ina kallo, ban ma haɗa abin da ni ba, don na ɗauka abin da aka ɓoye wa ido an ɓoye wa kowa. Rannan a bayan garin nan, ya tsaya ya daɗe yana kallona. Bai taɓa ni ba, bai sa an caje ni ba. Ya ce in ajiye laima in zagaya abin a hankali. Na fara zagayawa. Allurar ta juyo ta biyo ni, kamar ɗan akuya bayan uwarsa. Na koma hagu, ta koma. Na tsaya, ta tsaya tana nuna hammatata.

Mutum kana iya yi masa ƙarya, ka rantse, ya gaji ya yarda. Allura ba ta jin rantsuwa. Ba ta san kai jikan wane ne ba. Kuma ba kai kaɗai za ta tona ba, duk abin da aka rubuta kana tsaye a wurin ya zama shara, naka da na wanda bai ji ba bai gani ba. Wannan ita ce ta biyu, kuma ita ta sa na zauna rubutun nan.

Mutumin ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Aikinsa tun daga Gamu ya lalace. Da ya ɗago, na shirya wa mari, sai na ji tafinta yana cewa, “Ya ce ka cire, a koma a sake daga farko. Ya ce kana da ido, yana son ya tafi da kai har Tafkin Cadi, ya koya maka karanta lambobin.”

Ka ji ƙofa ta buɗe? Har Tafkin Cadi. Ni da ban taɓa wuce Bune ba. Da mari ya yi da na san abin yi, amma alherin nan sai ya ƙara mini kunya, kunyar kuma ta juye fushi, ga masu raƙuma sun taru suna kallo. Na ce, “Gaya masa a ƙasar nan gawa da bawa ake cire wa wuƙa, ya zaɓa mini ɗaya.” Ban tsaya nan ba. Na shiga zagin allurarsa, na shiga hularsa, na shiga jan wuyansa.

Tafinta ya tofar da goro ya ce, “Samari, in fassara duka?”

Na ce, “Har ka ƙara gishiri.”

Ya ce, “Allah Ya ba ka lafiya, wannan miya ba ta neman ƙari.”

Na juya na shigo gari. Kasuwa ta ɗauka. Aka yi mini kirari, mahauta suka ba ni tsire kyauta, ƴanmata suka sa ni a waƙar daka. Daɗin bai kai kasuwa biyu ba. Ranar da ayarin ya tashi na hau dutse ina kallo, wani yaron Bune na riƙe da laimata. Ban san inda ya ƙare ba. A mafarkina kullum yana cikin jirgin ruwa, yana karanta wani abu, ba ya ko waiwayowa. Ka kiyayi tafin ƴan kasuwa, Na-Tsoho. Waɗanda suka zuga ka da azahar, in la'asar ta yi sun tafi gida cin tuwo, kai kaɗai za a bari da abin da bakinka ya sayo maka. Harshen nan nawa na gan shi a bakinka, na ji yadda ka mayar wa Mushe magana bara. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, na sani, amma ka tambayi barewar ina gudun ya kai ta.

Akwai ƙaramar wauta a bayan babbar. Kafin mu ɓata, Mai Allura ya ba ni wani ɗan guntun mayen ƙarfe kamar yatsa, gefe ɗaya da jan fenti. Da suka tafi na ce ba na bukatar kowa, ni da kaina zan ga abin da ke ciki mai ja. Na ɗora shi a dutsen niƙan kakarka na fasa biyu. Babu komai a ciki. Amma kowane rabi yana ja, kowanne yana da gabansa da bayansa kamar uwarsu. Na sake fasawa, haka. Na yi ta fasawa har ya zama tsaki, tsakin ma yana manne wa juna yana tsayawa kamar gashin bushiya. Na zauna ina kallonsa har inuwa ta juya, ina cewa to ina ƙarshen abin, in aka yi ta rabawa a ina jan zai ƙare? Sai kakarka ta zo ta share shi da tsintsiya, ta ce na ɓata mata dutse. Na rasa kyautar, ban sami amsar ba. In ka ga abin da ba ka gane ba a gidan can, kada ka fasa, kada ka yi kamar ka gane. Ka ce ban gane ba, ko sau nawa ne. Kunyar tambaya ta yini ɗaya ce. Ni tawa tambayar ta girme ka da ƴan watanni, har yau tana nan ba ta yi aure ba.

Kada kuma ka ɗauka ina cewa kakanka bai san abin da yake yi ba. Lokacin da aka zo neman yaran lakkol, kowa yana ɓoye nasa a rumbu, ni na je na ba da kai. Tsoho ya hana, na tsaya a gabansa na ce, “Ka riƙe shi ya zama me? Ya zama ni?” Na ci gardamar, amma tun ranar bai sake cin abinci da ni ba. Da na iya magana da laushi da na same ku ku biyu. Shi tsoronsa ɗaya ne, kada Anasara su haɗiye ka, ka dawo kana toshe hanci a ƙofar gidanmu, ko kada ka dawo sam. Ba ya karatu, ba ya da takarda da zai sa maka a faifai. Wuƙar nan ita ce wasiƙarsa. In ka dawo da ilimi kada ka yi wa mutanenka dariya don sun ce aljani ne ke jan allura. Ni na yi musu, kuma har yau ban fi su sanin ko mene ne ba.

Yanzu ga abin da ya faru yau, kafin ka ji shi a bakin wasu da ƙari.

Da hantsi na kwance tawa wuƙar. Rabona da ganin fatar wurin tun kafin a yi mini aure. Wani farin zobe ne a damtsen, laushi kamar cikin ƙadangare, iska tana taɓa shi ina jin sanyi har cikin haƙori. Na sa riga marar hannu da gangan, na riƙe wuƙar cikin kubenta a tsumma, na ratsa kasuwa ta tsakiya, ban bi gefe ba.

Gambo mahauci ne ya fara gani. Ya ce, “A'a! Jama'a ku zo ku gani, wa ya mutu? Ko kuwa an saye ka ne ba mu sha goro ba?”

Wani ya ce, “Ku tambaye shi, gawa ce ko bawa?”

Maganata ce, sun adana mini ita shekara da shekaru, suka miƙo mini da zafinta. Amsoshi suka taru a bakina kamar ƙudan zuma, har da wadda ta shafi uwar Gambo da akuyar da ya yanka bara. Na haɗiye su duka. Na ce, “Ina kwananku?” na wuce. Ban taɓa ɗaukar kaya mai nauyin wannan gaisuwa ba.

Na sami Tsoho a zaure yana gyaran akala. Na durƙusa, na ajiye wuƙata a gabansa, na ce, “Baba, na zo roƙo. Ka kwance wa yaron nan alkawari.”

Ya dubi damtsena ya kau da kai kamar ya ga tsiraici. Ya ce, “Kai ne da ka zagi Anasara saboda ita?”

Na ce, “Ni ne.”

Ya fara. Ya tono lakkol, ya tono gonar da na bari ta yi ciyawa ina kallon sama, ya tono dutsen niƙa. Ya ce na lalace ina son in lalata masa aboki, wato kai. Ya ce a hanyar Agadas in ɓarayi suka tare ka da me za ka kare kanka, da lissafi? Aka kira azahar muka yi salla, ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya. Ina durƙushe, ƙafafuna sun mutu. Hasken rana ya shigo ta wata huda a rufin zauren, ƴan ƙananan abubuwan nan suna yawo a cikinsa, suna hawa suna sauka ba mai kora su. Na kafa musu ido, na ce a raina ko cikin waɗannan akwai irin naka masu zubowa daga sama, ko suna ratsa ni da Tsoho yanzu haka, su ratsa tabarma su wuce, ba ruwansu da wanda ya yi gaskiya. Da haka na riƙe bakina.

Can ya gaji. Ya ce, “Yau ba ka da lafiya ne? Ina bakin?”

Na ce, “Na bar shi a kasuwa, Baba.”

Ya ɗauki wuƙata ya juya ta, ya zare, ya mayar. Ya ce, “Allurar nan, da gaske ta bi ka?”

Na ce, “Kamar ɗan akuya.”

Ya ce, “Uhm.” Ya ajiye wuƙar a gefensa. Sannan ya ce, “Ni ba zan aika a kira shi ba, ba kuma zan ce ya ba ni ba. Abin da na ɗaura gaban mutane ba na roƙonsa. Amma in ya zo da ƙafarsa ya miƙo hannu, hannuna bai manta yadda ake kwancewa ba. Zan rataye ta nan. In yana so, ya dawo ya ɗauka. Dole ya dawo ke nan.”

To ka ji. Iyakar abin da na iya ke nan, saura naka. Gobe bayan asuba, kafin ka je wurin kamyo, ka shiga zaure ka gaishe shi, ka miƙa hagunka. Kada ka yi bayani, kada ka kawo masa lissafi, ka miƙa kawai. In ya yi maka ba'a, abokin wasanka ne, ka rama kaɗan don ya ji daɗi. Dariyar kasuwa kuma kada ta dame ka, na riga na kwashe mai zafin yau, abin da ya rage ɗumi ne.

In kuwa ka zaɓi hannun riga mai faɗi, ba zan tare ka a hanya ba, ba ni da wannan fuskar. Sai dai na san wanda za a maido in sanyi ya wuce, kuma na san yadda ake zama a Gure bayan haka, don ni nake zaune.

Ba zan raka ka ba, ka san ba a yi. Zan kasance gindin gawon nan na bakin rijiya, ina yi kamar raƙumin wani nake dubawa. In kamyo ya zo daidai wurin, ka ɗaga hannun hagu sama kamar kana gyara kaya, ka bar hannun rigar ya zame. Idona yana gani daga nesa. Ba sai ka dube ni ba.

In Allah Ya sa an riƙe ka, ka kuma kai ga sanin inda jan yake ƙarewa in an yi ta fasa mayen ƙarfe, ka rubuto mini. Ka yi da manyan baƙaƙe, ko da boko ne, zan bi shi a hankali da yatsa. In su ma ba su sani ba, ka gaya mini gaskiya, zan ji sanyi ba ni kaɗai ba ne.

Uwarka ta sa maka dabino da dunƙulen gishirin da na dafa da hannuna, babu ƙarfe a ciki, na duba. Ka riƙe salla, ka sha ruwa kafin ƙishirwa ta tambaye ka, ka gai da wanda ya girme ka ko wane iri ne. Allah Ya kai ka lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin baki, naka da na wasu. Allah Ya buɗe maka abin da Ya rufe mini, Ya maido ka ka tarar da Tsoho da ransa, da wuƙarsa a rataye. Amin, amin.

Wassalam. Ni ne dai, na gindin gawo.